Shawara ga masu gida a Amurka da suka sa sola

'Yan'uwa mazauna Amurka, duk wanda ya sa sola a gidansa daga 2022 zuwa ƙarshen 2025, kada ya yi sakaci da fom 5695 na IRS, hukumar haraji ta Amurka, wanda ake neman rangwamen haraji na sola da shi. Rangwamen kashi 30 ne cikin ɗari na abin da ka kashe, amma fa daga harajin da ake bin ka ake cirewa, ba tsaba za a miƙo maka ba. In ya fi harajin yawa, ragowar sai ta jira ka shekara mai zuwa.

Rangwamen sauya tagogi da ƙofofi kuwa, wanda shi ma ya ƙare a ƙarshen 2025, iyakarsa dala 600 ce ga tagogi da dala 500 ga ƙofofi a shekara, kuma abin da bai shiga ba ya tafi ke nan. Shi ake fara cirewa, sannan na sola. Ka adana fom ɗin bara, a ciki adadin ragowar rangwamen sola yake.