Yadda ake farautar ƙananan taurari a tsofaffin littattafan barkwanci na Ingila

Akwai wata ɗabi'a da mu makaranta muke da ita, ni ma na daɗe ina yi, wato da ka buɗe littafi sai ka liƙe wa babban tauraro kamar ƙaska, duk wanda ya shigo ba shi ba ne ba kuma budurwarsa ba sai ka ja feji ka wuce. To a tsofaffin littattafan barkwancin Turawan Ingila in ka yi haka wallahi ka sha romo ka bar naman a tukunya, don dariyar ba a hannun oga take ba, tana wurin 'yan rakiya ne, su bara da kuku da goggo da maƙwabciya mai surutu. Ga yadda nake bi da su, musamman ga 'yan'uwa masu rubuta labari a WhatsApp da Wattpad.

Ka fara da mai sauƙi tukuna. Three Men in a Boat na Jerome K. Jerome, na 1889, kyauta ne a shafin tsofaffin littattafai na Project Gutenberg, datar da za ka kashe ba ta kai ta bidiyo ɗaya na TikTok ba. Labarin samari uku ne da karensu suna yawo a kwalekwale a kogin Thames, amma kai tsaya a babi na 3 ka nemi Kawu Podger. Mutumin nan ko cikin kwalekwalen bai shiga ba, labarinsa kawai aka bayar. Hoto zai rataye a bango, ya ce kowa ya huta shi zai yi, sai ya aiki yarinya sayen ƙusa, ya tura yaro ya bi ta ya faɗa mata girman ƙusar, wannan riƙe tsani wancan riƙe kujera wani kawo guduma, hoton ya suɓuce ya yanke hannu, ya tayar da gida kaf neman kwat ɗinsa alhali a kai yake zaune, ya ƙwale ɗan yatsa da guduma, sai wajen tsakar dare hoton ya hau, a karkace, shi kuma ya ja baya yana yaba aikinsa. Ranar da na karanta wannan a jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja sai da na kusa da ni ya leƙo wayata, don ni kawuna nake gani sak ranar da ya ce shi zai gyara fankar falo ba sai an kira mai gyara ba.

Wannan shi ne aikin farko, duk ƙaramin tauraron da ka gamu da shi ka nemo masa ɗan'uwa a unguwarku. In ka rasa, ko dai ba ka gane shi ba ko ba ka zama a majalisa.

Sai ka samu ɗan littafin rubutu ko ka buɗe wani wuri a waya, kowane ɗaya ka ba shi layi guda tak: sunansa, da abu ɗayan da ba ya rabuwa da shi. Za ka yi mamakin yadda layi ɗayan yake isa. E. M. Forster, marubuci ɗan Ingila, ya yi wannan bayanin tun 1927, ya raba taurari gida biyu, masu fuska ɗaya da masu fuskoki da yawa, misalin da ya kawo na masu fuska ɗaya kuwa matar Micawber ce ta cikin David Copperfield na Charles Dickens, wadda ko me ake zance sai ta sako cewa ita fa ba za ta taɓa barin mijinta ba, ba wanda ya ce ta bar shi. Mista Hurst na Pride and Prejudice layinsa ci, sha, karta. Da ya gano Elizabeth, jarumar littafin, ta fi son abinci mara haɗi shi ke nan ya rasa abin da zai ce mata. Joe, lukutin yaron nan na The Pickwick Papers na Dickens, barci, a tsaye ma yi yake, har likitoci a 1956 suka laƙaba wa wata cutar ƙiba mai sa yawan barci sunan littafin. Mu a nan mukan ɗauka tauraro mai hali ɗaya gazawar marubuci ce, a'a, a barkwanci maimaicin shi ne gishirin, kana hango shi tafe ka riga ka fara murmushi don ka san abin da zai yi.

Bakinsu kuma sai ka karanta a fili, kar ka yi a zuci. Ka jira gida ya yi shiru, ko ka samu benci a Gamji da yamma. Turancin Sam Weller na cikin Pickwick na talakawan Landan ne, harafin v da w ma musanya su yake, a ido sai ka ga kamar kuskuren bugu, a kunne kuwa sai ka ji mutum. Kar ka tsaya buɗe ƙamus a kan kowace kalma, za ka gaji ka ajiye, abin da ka gane ya ishe ka. Shi Sam ɗin ma darasi ne guda: Dickens yana fitar da Pickwick wata-wata ne daga 1836 zuwa 1837, kamar yadda ake sakin labari feji-feji a guruf yanzu, kasuwa ba ta tafiya, 'yan ɗaruruwa ake sayarwa, sai a fitowa ta 4 ya shigo da wani mai goge takalma a masauki, wato Sam, mutane suka so shi, Dickens bai yi gardama ba ya mai da shi baran Pickwick, kafin a gama ana sayar da wajen kwafi 40,000 a wata. Ke marubuciya in kika ga masu karatu sun bar jarumarki suna ta tambayar ina mai aikin nan mai baki, ai kin ji amsa.

Inda na fi so a daɗe shi ne nan: ka riƙa lura da yadda manyan suke mu'amala da ƙananan, don a nan marubucin yake auna su. Ɗauki Miss Bates a Emma ta Jane Austen, ta 1815. Tuzuruwa ce ta manyanta, talaka, mahaifinta tsohon limamin cocin garin ne, tana zaune da tsohuwar uwarta, kuma in ta buɗe baki sai feji ya cika ba ta numfasa ba, daga tuffa ta koma tabarau ta koma wasiƙar 'yar 'yar'uwarta. Kowa tsallake ta yake, har mai karatu. Rannan an fita shan iska a Box Hill aka kawo wasa, kowa ya faɗi magana ɗaya mai hikima sosai, ko biyu masu dama-dama, ko uku marasa kan gado, baiwar Allah ta yi dariya ta ce ai ita ukun nan ba za su ba ta wuya ba, sai Emma ta ce matsalar dai ukun kawai aka yarda a faɗa. A gaban jama'a. Matar ba ta ma gane nan take ba, sai da ta ɗan jima sannan abin ya shige ta. Daga baya Knightley, aminin gidansu Emma, ya wanke ta tas, kuma daga nan ne ta fara hankali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma na yi dariyar kafin na ji kunya, kuma da gangan Austen ta shirya mini tarkon. Ƙari a kan haka, in ka gama littafin ka dawo ka karanta surutan nan da ka tsallake, za ka tarar sirrin soyayyar da aka ɓoye a labarin yana ta zuba daga bakinta ba tare da ita kanta ta sani ba. Saboda haka mai surutu a littafi kar ka kuskura ka wuce shi.

Akwai kuma waɗanda ba sa ma bayyana, su ma ka buɗe musu layi. Misis Gamp ta Martin Chuzzlewit na Dickens, ungozoma ce mai jinya mai son kwalba, kullum tana kafa hujja da wata ƙawarta Misis Harris da ke yabonta, ba wanda ya taɓa ganin Harris ɗin nan, ranar da abokiyar aikinta Betsey Prig ta ce ita fa ba ta yarda akwai wata mai wannan suna ba, ranar zumunci ya watse. Duk wanda ya taɓa zama wurin mai shayi a Tudun Wada ko Kawo ya san mai "wani babban mutum a Abuja ya gaya mini".

Marubuci P. G. Wodehouse kam sai ka yi haƙuri da shi, Turancinsa cike yake da salon maganar 'ya'yan masu kuɗi na zamaninsa, amma ka gwada Right Ho, Jeeves na 1934. Ka sa ido kan Anatole, kukun Goggo Dahlia ɗan Faransa, wanda da wuya ka gan shi amma gidan kaf a tafin hannunsa yake, in ya yi fushi ya ce zai tafi kowa sai ya rikice. Tambayar da za ka riƙa yi ke nan a kan kowane ɗaya: in na cire shi me zai rushe? Cire Anatole, goggo ta rasa sandar da take kora Bertie, babban tauraron littafin, da ita.

In kuma rubutu za ka yi, dabarar za ka ɗauka ba mutumin ba, kar ka kawo mana Podger da hula zanna. Shiga Kasuwar Barci ko ka hau Keke daga Kawo ka kasa kunne, ka zaɓi hali ɗaya da kalma ɗaya, ka sako shi sau uku ko huɗu a labarin, a na ƙarshe ka sa halin nan nasa ya jawo wani abu na gaske. Kuma ka sauya masa unguwa da sana'a da kama, Kaduna ƙarama ce, ni nawa kawun har yau bai san me ya sa ba na zuwa da littafin rubutuna gidansa ba.