Yadda Za a Taimaki Malamin Jami'a Ya Shirya Kwas da Kowane Ɗalibi Zai Iya Bi

Duk wanda aka ɗora wa nauyin taimaka wa malaman jami'a su koyar da na'urorin zamani, ko ma'aikacin sashen kwamfuta ne ko kuwa ƙaramin malami da shugaban sashe ya naɗa, ba zai daɗe ba zai gane cewa bitar kwana biyu a babban ɗakin taro, da majigi da ruwan roba, ba ta cika sauya abin da ke faruwa a aji ba. Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 ake ta irin wannan bita, amma malami yakan fito da takardar shaida a hannu ya koma wa abin da ya saba. Abin da na ga yana da tasiri a nan Bauchi shi ne a zauna da malami ɗaya, a ɗauki kwas ɗaya, a fara da takardar darasin da yake raba wa ɗalibai, wadda kowa ke kira handawut.

Dalilin farawa daga nan shi ne, ɗalibin da ke Yelwa ko Gubi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko wanda ke Gaɗau, ko takwaransa na Kashere a Jihar Gombe, galibi a wayar hannu yake karatu, da datar da ya saya da kuɗin abincinsa, kuma ta hannun wakilin aji a zauren WhatsApp darasin ke iso masa. Sau da yawa abin da ke iso masa hoto ne na fotokwafin wata tsohuwar takarda da aka ɗauka da waya, rubutun ya dushe, gefen shafin ya karkace. Mai ido yakan yi haƙuri ya buɗa hoton da yatsu biyu ya karanta. Makaho kuwa babu abin da ya samu, alhali tun 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarabawar shiga jami'a, kuma dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin neman ilimi kamar kowa.

Kada a fara da karanta wa malami doka, domin wanda ya shekara talatin yana koyarwa ba zai so yaro ya zo yana nuna masa kuskurensa ba. A nemi izini a je ofishinsa a lokacin da ya zaɓa, a kuma tafi da kwamfuta da aka sa wa NVDA, manhajar kyauta da ke karanta wa makaho rubutun da ke kan allo da murya. Na taɓa yin haka da wani dattijon farfesa, wanda ba sai na ambaci jami'arsa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, in an yarda, a ba ni handawut ɗin makon farko mu saurare shi tare." Na buɗe fayil ɗin, na rage hasken allon har ya yi duhu, muka yi shiru. Manhajar ta faɗi sunan fayil, daga nan ba ta ƙara karanta ko kalma ɗaya ta darasin ba, saboda shafukan duka hotuna ne. Ya cire tabarau ya ce, "Shi ke nan? Shafi goma sha biyu fa na rubuta." Daga ranar bai sake tambayata amfanin aikin ba. Idan babu kwamfuta a kusa, TalkBack da ke cikin wayoyin Android ko VoiceOver na iPhone za su yi wannan aikin.

Gyaran da za a fara shi ne a mayar da darasin rubutu na gaske. Idan malamin yana da asalin fayil ɗin Word, an huta. Idan ya ɓace, a ɗora hoton a Google Drive a buɗe shi da Google Docs, zai ciro rubutun, sai dai wajibi ne a bi shi layi bayan layi, domin yakan rikita lambobi da alamomin lissafi, kuma a darasin Hausa yakan mayar da ƙ da ɗ da ɓ haruffan da ba su ba. Daga nan a nuna wa malamin cewa kanun darasi ba a yin su da ƙara girman harafi da kaurara shi kawai. A zaɓe su daga jerin salon rubutu da Word ya tanada, wato Heading 1 ga babban kai da Heading 2 ga ƙananan kanu, saboda da su ne makaho ke tsallakawa daga sashe zuwa sashe kamar yadda mai ido ke lilo da idonsa a shafi. Idan babu su, duk lokacin da yake neman sakin layi ɗaya sai ya saurari takardar tun daga farko.

Hotuna da zane-zane su ne suka fi cin lokaci, musamman a fannonin injiniya da aikin gona da kimiyya. Kowane hoto yana buƙatar bayani a rubuce a gurbin da Word ya ware masa, kuma malamin ne kaɗai zai iya rubuta shi da kyau, tunda shi ya san abin da yake so a gani. Rubuta "hoton jadawali" bai amfana wa kowa komai ba. Abin da ake so shi ne jimla kamar wannan: ruwan sama yana ƙaruwa daga Mayu, ya kai ƙololuwa a Agusta, sannan ya ragu sosai a Oktoba. Ƙa'idojin lissafi a buga su da abin rubuta lissafi na cikin Word, kada a liƙa hotonsu. Kada kuma launi kaɗai ya ɗauki ma'ana, domin akwai ɗaliban da ba sa bambance ja da kore, kuma maza sun fi yawa a cikinsu. In an ja layi ja da layi kore, a rubuta sunan kowanne a jikinsa. Ƙa'idar duniya ta tsara shafukan intanet ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai aƙalla ninki huɗu da rabi, amma a aikace baƙin rubutu a kan fari ya wadatar, kuma shi ne ke karantuwa ko a ɗakin laccar da rana ta cika. Kafin a rufe fayil, a danna Check Accessibility a ƙarƙashin Review, zai lissafo hotunan da aka manta.

Batun bidiyo kuwa, ra'ayina shi ne a yi taka-tsantsan. Laccar awa guda a Zoom tana iya cin ɗaruruwan megabait, kuma tana buƙatar wuta da sabis su tsaya a lokaci guda ga malami da ɗalibai duka, abin da ba wanda zai iya yi wa alkawari. Saƙon murya na minti goma da ke bayanin wuri mafi wuya a darasin makon ba ya cin abin kirki, ana sauke shi sau ɗaya a saurara ko a cikin keke-napep. Sai dai murya kaɗai ta bar kurma a baya, don haka kowane saƙo ya tafi tare da rubutaccen abin da aka faɗa. Idan an ɗora bidiyo a YouTube, rubutun da yake fitarwa da kansa a ƙasan allo yana yawan kuskure da lafazinmu da sunayenmu, sai an zauna an gyara.

WhatsApp yana da saurin isar da saƙo, amma ba ma'ajiya ba ce: kafin ƙarshen zango, darasin makon farko ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da tallar turare. Idan jami'a tana da Moodle, wato dandalin ɗora darussa a intanet, a ɗora komai a can mako-mako, tunda manhajarsa ta waya tana bari ɗalibi ya sauke darasi ya karanta ba tare da intanet ba. Idan babu, Google Classroom ko folda ɗaya ta tara fayiloli a Drive ya isa, muddin an sa wa kowace takarda suna mai ma'ana, da lambar kwas da lambar mako. Zauren WhatsApp ya tsaya a sanarwa.

Saura jarabawa da aikin gida. A ba malami shawara ya sanar a laccar farko cewa duk mai buƙatar wani tanadi ya same shi a ofis ko ya tura masa saƙo, domin ɗalibi mai raunin ji ko raunin gani yakan gwammace ya faɗi jarabawa da a ce ya ɗaga hannu a gaban mutum ɗari uku. Idan ya zo, a tambaye shi abin da ya fi masa sauƙi maimakon a yanke masa: wani rubutun makafi na Birel yake so, wani kwamfuta mai magana, wani kuwa manyan haruffa da kujerar gaba sun ishe shi. Ƙarin lokaci a jarabawa a shirya shi da jami'in jarabawa na sashe tun farkon zango, a rubuce, ba da safiyar ranar ba.

Kada a yi yunƙurin gyara kwas gaba ɗaya a zama guda. A gyara makon farko tare, makon biyu malamin ya yi da hannunsa kana zaune a gefe kana kallo, ko da zai ɗauki awa guda a kan abin da za ka gama a minti goma. Bayan mako uku a koma wurin wakilin aji da ɗalibin da abin ya shafa a ji ko fayilolin suna buɗuwa a wayoyinsu, sannan a ajiye kwafin Word ɗin a ofishin sashe, don wanda zai gaji kwas ɗin idan malamin ya tafi hutun bincike ko ya yi ritaya.