Darasi na 7: Maganin Jinkirin Murya Wajen Ɗaukar Waƙa a Gida

Mawaƙi ya sa hedifon, ya fara rera waƙa, sai ya ji muryarsa tana biyo shi a baya. Nan take zai rikice, ya saki kiɗa. Sau da yawa laifin na bafa ne.

Kwamfuta tana yanyanka sauti gutsure-gutsure, 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa. Ba ta ɗaukarsu ɗaya-ɗaya. Sai sun taru a wani mazubi, shi ne bafa, sannan ta kwasa. Kamar ɗiban ruwa ne: moɗa tana saurin cika amma ka sha zirga-zirga, bokiti kuwa sai ka jira shi.

Ga lissafin idan kana kan 48,000. Bafa 128, mai ɗaukar gutsure 128, tana cika a milisakan 2.7, wato kashi 2.7 cikin dubu na daƙiƙa. Bafa 512 tana cin 10.7, ita kuwa 1024 tana cin 21.3. Kuma sautin shiga zai yi, ya sake fitowa, don haka abin da kunne zai ji ya kai ninki biyu. Shi ya sa mawaƙi ke kokawa a kan 1024.

To, lokacin ɗaukar murya ka sauko 128 ko 256. In ka ji ƙaras-ƙaras ko sauti yana yankewa, kwamfutar ta gaji, ƙara mataki ɗaya. Lokacin gyara da haɗa sauti ba mai rera komai, sai ka haura zuwa 1024 kwamfutar ta samu sarari.

Don canza bafa a manhajar haɗa waƙa ta FL Studio, shiga Options, sannan Audio settings. Manhajar Cubase ma tana da irin wannan wuri. Zaɓi direban ASIO na akwatin sautinka, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar da kake jona makirfo. Direban ASIO4ALL na wanda ba shi da akwatin ne, maneji kawai.

Akwatuna irin su Focusrite Scarlett suna da maɓallin Direct Monitor, mai kai murya kunne ba tare da ta bi ta kwamfuta ba. Sai dai mawaƙin ba zai ji Auto-Tune, manhajar daidaita murya, a muryarsa ba, wasu kuwa ba sa yarda da haka.

Hedifon na Bluetooth ajiye shi, jinkirinsa ya yi yawa. In an ɗauke wuta laftof ta koma kan batir, takan rage ƙarfi, ƙaras-ƙaras ya dawo.

Aiki: sa bafa a 1024, tafa hannu gaban makirfo, ka saurara. Mayar da ita 128, ka sake tafawa.