Kurakuran da ke lalata katunan Makka masu sauya hoto

Duk Bahaushen da ya taso a Makka ko Jidda ya san katin nan mai siraran layuka a fuska: ka karkata shi dama ka ga Ka'aba, ka karkata hagu sai ga koriyar ƙubbar Madina. Ya kuma san 'yar kamarar roba da alhazai ke saya wa yara tsaraba, a leƙa a danna hoto ya sauya. Yanzu matasanmu sun fara tara irin waɗannan kaya, kuma abin yana faranta mini rai ƙwarai. Sai dai yawancin wanda ke lalacewa a hannunmu, garin neman gira ake rasa ido.

Mafi muni shi ne kai katin shago a manna masa leda da injin zafi, da nufin kada ya tsufa. Fuskar katin roba ce mai tudu da kwari, kowane tudu yana lanƙwasa haske. A ƙarƙashinsa an yanka hotuna biyu ko fiye siri-siri an jera su a tsakanin juna, shi ya sa kowace kusurwa ke nuna maka nata. Zafin inji yana narkar da tudun, ledar kuma ta cike kwarin, hotunan su haɗe su zama dishi-dishi. Wannan ba ya gyaruwa. Ka sa shi cikin ambulan na takarda, ka kwantar da shi a miƙe. Ka guji leda mai laushi mai wari, domin da daɗewa tana yin danƙo ta manne.

Zafin Saudiyya ma bai bar su ba. Katin da aka manta a mota da rana zai kumbura ya rabu da takardarsa. A Jidda ga laimar teku, wadda ke sa fim ɗin cikin kamarar ya yi fumfuna. 'Yan ƙunshin busar da laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi suna taimakawa. Hayaƙin turaren wuta kuwa maiƙo yake bari a cikin layukan, don haka a nisanta su da kasko.

Wajen gogewa, kada ka sa turare ko ruwan tsaftace hannu. Ƙyallen goge tabarau ya isa, kuma ka bi tsawon layukan, kada ka gitta su.

Sai saye. A Kasuwar Zal ta Riyad ko kasuwar gwanjo ta Sawarikh a Jidda za a iya ce maka kati tsoho ne. Juya bayansa ka duba sunan maɗaba'a da ƙasa. Tsofaffin da yawa a Japan aka buga su. Sannan ka dubi hoton da kansa. In akwai hasumiyar agogo ta Makka, wadda aka kammala a 2012, ko manyan laimomin inuwa na harabar masallacin Madina, to kada ka biya kuɗin tsohon kaya.

In ka dace da View-Master, abin leƙa hoto da ido biyu da ake zura wa faifan hotuna, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1939, ka ƙirga faifansa a gaban haske: hotuna 14 ne, bibbiyu, kowane ido da nasa, su ba da hoto 7 masu zurfi. Ɗaya ya fita, zurfin wannan hoton ya tafi. Ka riƙe faifan ta gefe, kada ka yar da ambulansa, domin rashinsa yana rage daraja. Duk abin wasan da ke aiki da batir, cire batirin kafin ka ajiye.