Yadda ake ɗaukaka ƙara idan Birtaniya ta hana mahaifi ko mahaifiya bizar zuwa wurin ɗansu don jinya

Bizar da ake nema wa tsoho mara lafiya don ya koma hannun ɗansa ko 'yarsa a Birtaniya tana cikin mafi wuyar samu a ƙasar. A watan Yulin 2012 aka tsaurara dokarta. Kafin nan ana ba mutum sama da 2,000 a shekara, a shekarun da suka biyo baya kuwa adadin bai kai 200 ba. Saboda haka in an hana Hajiya ko Baba, ba a kanku aka fara ba, kuma doka ta ba da damar zuwa kotu.

Da farko ka tabbatar wace biza aka hana. Idan ta ziyara ce ta wata shida, tun 2013 aka soke damar ɗaukaka ƙara a kan mafi yawan irinta, ko da kai ne kake son zuwa jinyar mahaifinka da ke can. Mafita a nan ita ce sake nema da hujjoji masu ƙarfi. Wadda ake kai wa kotu ita ce ta babban dangi mai dogaro da wani, wadda mazaunin dindindin ko ɗan ƙasa yake ɗaukar nauyi, har ya sa hannu cewa zai riƙe tsohon shekara 5 ba tare da taimakon gwamnati ba. Ƙarshen takardar hanin zai faɗa maka ko kana da damar ƙara.

Sai lissafin kwanaki. Wanda yake wajen Birtaniya yana da kwana 28 daga ranar da hukuncin ya iso masa. A shigar da ƙarar ta intanet, ko da fom na takarda, a kotun shige da fice ta matakin farko. Kuɗin fam 80 ne idan alƙali zai duba takardu kawai, fam 140 idan za a yi zama. Ka biya na zama. Gara alƙali ya ga fuskarka, ya tambaye ka, ka ba shi amsa. Kada ka tsaya jiran rahoton likita kafin ka shigar, hujjoji suna iya biyo baya. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Yanzu ka zauna da takardar hanin da biro, ka fitar da kowane dalili daban. Kusan kullum abu biyu ne. Na ɗaya, ba a gamsu cewa tsufa, ciwo ko naƙasa sun sa mai neman yana buƙatar kulawa ta dogon lokaci wajen wanka, sa tufa da girki ba. Na biyu, ba a gamsu cewa ba za a samu wannan kulawar a gida ba, ko da da kuɗin da kake turawa.

Na farkon aikin likita ne. Takarda mai layi uku da ke cewa Hajiya tana fama da hawan jini da ciwon suga ba ta isa ba, don miliyoyin mutane suna da su suna harkokinsu. Ana son rahoton ƙwararre, irin waɗanda ake samu a asibitin koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a Zariya, wanda zai faɗi abin da ciwon ya hana ta yi: tun da ɓarin jiki ya shanye mata ɓangaren dama ba ta iya ɗaga buta, sai an riƙe ta zuwa banɗaki, tana manta ta sha magani ta sake sha. Idan akwai ruɗewar tsufa ko ciwon damuwa, a nemi rahoton likitan ƙwaƙwalwa daban. Wannan yana da nauyi, domin a shari'ar da ƙungiyar BritCits ta kai a 2017, kotun ɗaukaka ƙara ta ce ana iya duba buƙatar zuciya da ta tunani, muddin ƙwararren likita ya tabbatar da ita.

Dalili na biyu ne yake kayar da yawancin mutanenmu, kuma a nan ya kamata ƙarfinka ya ƙare. Jami'in biza ya san gidan Bahaushe ba ya rasa mutane. Zai ce ina sauran 'ya'ya, ina jikoki, ina maƙwabta, me ya hana a ɗauki mai aiki ko ma'aikaciyar jinya. Cewa “haƙƙin iyaye ne a kaina” gaskiya ce, amma ba ta amsa tambayarsa ba. Sai ka bi dangi ɗaya bayan ɗaya, kowa da shaidar rantsuwarsa: Yaya tana aure a Fatakwal da 'ya'ya biyar, ƙanenka yana aikin soja ba ya zama wuri ɗaya, jikar da ke kwana da ita ta tafi makaranta. Idan an taɓa ɗaukar masu jinya abin bai yiwu ba, a kawo shaidar biyansu da dalilin tafiyarsu. A rubuta wa gidajen kula da tsofaffi da kamfanonin jinyar gida da ke garin, a ajiye amsarsu, ko ta cewa ba sa karɓar mai irin wannan ciwon. Idan dattijuwa ba za ta yarda namiji ko baƙo ya yi mata wanka ba, a faɗa, kuma likita ya faɗi abin da hakan ke jawo wa lafiyarta.

Akwai tarko a maganar kuɗi. Dole ka nuna kana da halin riƙe ta a Ingila, sai kuma a juyo a ce mai wannan halin ai zai iya biyan mai jinya a Kano. Shi ya sa hujjar “ba za mu iya biya ba” ba ta cika tsayawa ba ga mai albashin fam. Wadda ke tsayawa ita ce irin kulawar da take buƙata babu ita a inda take.

Ka kuma shirya wa tambayar da za ta yi maka zafi: me ya hana kai ka koma gida ka yi jinyarta? A shari'ar Ribeli ta 2018, wadda ta shafi wata uwa a Afirka ta Kudu, kotu ta ce 'yarta tana iya komawa. Amsarka ta zama da takardu: 'ya'ya 'yan ƙasa da ke makaranta, aikin matarka, bashin gida, ko lafiyar wani a cikinku. Ita ƙarar tun asali a kan haƙƙin zaman iyali take tsayuwa, wato sashe na 8 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, don haka a haɗa shaidar kuɗin da kake turawa, kiran waya, da tambarin fasfo na zuwa gida.

Duk takardar da ke cikin Hausa ko Larabci a fassara ta da sa hannun mai fassara. Kada a ƙara gishiri a rahoto, kada a ɓoye ɗa ko 'ya. In aka kama ƙarya, ana iya hana mutum biza har shekara 10. Lauya kuma a tabbatar yana da rajista a can, ba ɗan kamasho na bakin ofishin biza ba.

Kafin zama, ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya takan sake duba fayil ɗin, wani lokaci ta janye hanin da kanta. In an kai ga zama, kai ne za ka ba da shaida, kuma kotu tana ba da tafinta kyauta idan an nema tun wuri. Jiran yakan ɗauki watanni da yawa, amma alƙali yana duba halin da ake ciki a ranar zaman, saboda haka a sabunta rahoton likita. In jiki ya yi tsanani, a rubuta wa kotu a roƙi a gaggauta.

Idan an yi nasara, sai a jira ofishin biza ya tuntuɓe ku. Idan ba a yi ba, ana iya neman izinin zuwa babbar kotun shige da fice, amma sai an nuna alƙali ya yi kuskure a doka, ba don hukuncin bai yi daɗi ba. Inda babu irin wannan kuskuren, kuma ciwon ya ƙaru, sabuwar takardar nema da sabbin rahotanni takan fi sauri, sai dai kuɗinta ya haura fam 3,000.