Yadda za ka fara kallon tsuntsaye da ɗaukarsu hoto, ko da waya ce kawai a hannunka

Abu na farko dai ka rage sauri. Wallahi yawancin masu ce min ai su ba sa ganin komai sai kurciya da hankaka, ba idonsu ne ke da matsala ba, tafiyarsu ce, taku suke kamar ana korarsu. Tsuntsu yana ganinka tun kafin ka gan shi, galibinsu idanunsu a gefen kai suke, suna hango kusan ko'ina ba sai sun juya ba, to idan ka nufo shi kai tsaye kana kallonsa ido cikin ido, a wurinsa kai maharbi ne, fir zai tashi. Ka riƙa matsowa ta gefe, taku uku ka tsaya, ka ɗan kau da kai kamar ba ruwanka da shi. Mafi alheri ma ka samu gindin bishiya ka zauna shiru na minti 10 ko 15, za ka sha mamaki, waɗanda suka gudu da zuwanka su za su dawo da kansu su ci gaba da kiwonsu.

Lokaci kuma da sassafe ne, daga fitowar rana zuwa awa biyu ko uku bayanta, lokacin suna neman abinci suna ta kuka, sai kuma yamma lis. Tsakar rana duk sun lafe a inuwa, hoton ma ba ya kyau don hasken ya yi tsanani. Wuri kuwa ba sai ka yi wata doguwar tafiya ba, duk inda akwai ruwa ko bishiya mai 'ya'ya ko ciyawa mai tsaba, akwai tsuntsu. Hanyar da kake bi kullum ma ta isa, ka riƙa ɗaga kai kana duba wayoyin lantarki da kan katanga. A duniya akwai nau'in tsuntsaye sama da 10,000, ba za a ce kurciya kaɗai aka bar maka ba.

Kafin ka ɗaga waya ka kalla tukuna, wannan ita ce maganar da na fi so ta zauna maka. Girmansa kamar na me, ya kai kurciya ko bai kai ba? Bakinsa gajere ne mai kauri irin na masu cin tsaba, ko siriri irin na masu cin ƙwari, ko mai lanƙwasa kamar na shaho? Tsalle yake ko taku? Shi kaɗai ne ko garke ne? Launi na yaudara sosai saboda haske, amma siffa da hali ba sa yaudara. Shirwa ko tana can ƙololuwa za ka gane ta da jelarta mai ɗan rabuwa biyu da yadda take murza ta tana shawagi. Idan ka kasa gane shi akwai manhajar Merlin Bird ID ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta jami'ar Cornell a Amurka, kyauta ce, ka sa mata hoto ta kawo maka waɗanda suka yi kama da shi, su ne kuma ke da eBird inda mutane ke rubuta abin da suka gani tun 2002.

In da hali ka nemi madubin hangen nesa, wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa ya ishi mai farawa. 8 ɗin na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Kar ka cire idonka daga kan tsuntsun, madubin za ka ɗago ya tarar da idon, in ka sunkuya kana nemansa shi ke nan ya ɓace maka a cikin ganye.

To batun hoto. Rana ta kasance a bayanka, in tana gabanka baƙin abu kawai za ka samu ba ido ba launi. Ka danna kan tsuntsun a fuskar wayar don ta saita a kansa ba kan reshe ba, ido ake so ya fito tar, in ido ya fito hoto ya yi rai ko da jela ta ɗan dushe. Kar ka yi ta jan zum da yatsu har ƙarshe, hoton farfashewa yake, gara ka ɗauka daga nesa ka yanke daga baya. Ka jingina gwiwar hannu a katanga ko jikin bishiya, ka ɗauka da yawa a jere, cikin ashirin wataƙila ɗaya ce za ta yi kuma haka abin yake ga kowa. In tsuntsun a ƙasa yake ka durƙusa ka daidaita da tsayinsa, bambancin ba kaɗan ba ne. Akwai kuma dabarar ɗora idon kyamarar waya a kan idon madubin hangen nesa, tana son tsayayyen hannu amma tana aiki. Mai babbar kyamara kuwa, saurin buɗewa da rufewar idon kyamara (shutter) za ka saita, tsuntsu a zaune 1/500 na daƙiƙa ya isa, mai tashi ka kai 1/1000 ko abin da ya fi shi sauri, sai ka ƙara ISO, wato ƙarfin kama hasken kyamarar, in haske ya yi ƙasa.

Fita da yara kuma daban take, kar ka sa ran za su yi shiru na awa guda, ka ba kowa aikinsa, wannan ya ƙirga, wannan ya zana a littafi, ƙaramin ya riƙa nunawa da baki ba da hannu ba don ɗaga hannu na korarsu. 'Yata ce ta fara lura cewa belbela ba bin shanu take haka kawai ba, tana jira ne saniya ta taka ciyawa fara ta tashi ta cafke, mun fi minti 20 a tsaye tana ta raɗa min "Baba ga ta kuma", ban ɗauki hoto ko ɗaya ba ranar kuma har yau ita nake tunawa. Ku tafi da ruwan sha da hula da takalmi rufaffe, kaya marasa sheƙi, in sun gaji ku koma gida tun abin bai gundure su ba.

Sheƙa kuwa don Allah a bar ta. Na taɓa matsawa kusa da wata don in samu hoton ƙwai, uwar ta tashi ta koma wani reshe tana ta kuka, ƙwan na cikin rana, ga hankaka na kewaya wurin, sai da na ja baya sosai na jima kafin ta dawo, abin ya tsaya min a rai. In ka ga tsuntsu ya daina cin abinci ya miƙe wuya yana kallonka, ka yi kusa da yawa, ja baya. Kar ka jefa dutse don ya tashi ka ɗauke shi a sama, kar ka yi ta kunna masa kukan ɗan'uwansa a waya, filasha ma a kashe ta, musamman ga mujiya da dare.