Hedifon ɗin da ya dace da rediyon ham

Kar tsada ta ruɗe ka, hedifon ɗin da ya fi daɗin kiɗa ba lallai ya yi maka aiki a rediyon ham ba, wato rediyon da masu sha'awa ke zantawa da juna ta iska. Na kiɗa an yi shi ne ya fito da komai tun daga 20 har 20,000 Hz, alhali muryar da ke zuwa ta SSB (hanyar aika murya da 'yan ham suka fi amfani da ita a zango mai nisa) ba ta wuce tsakanin 300 da 3,000 Hz ba, sakon Mos (na ɗigo da ja) kuwa yawanci ana saurarensa ne wajen 600 zuwa 700. Duk abin da ya haura haka shuuu ne kawai zai cika maka kunne, kai kuma kana ta faman tsinto wata 'yar murya mai rauni daga can wata nahiya, kafin ka ankara kai ya ɗau ciwo. Saboda haka nemi wanda ya fi ƙarfi a tsakiya, ba mai dukan bas ba.

Idan ka sa shi ka ji shuuu ɗin tun ba ka ɗaga boliyum ba, ya cika saurin ji ke nan, gwada mai om (ma'aunin turjiyar lantarki) da yawa.

Inda ake yawan tafka asara shi ne makirfon da ke haɗe da hedifon ɗin. Yawancin rediyon kamfanin Icom makirfo nau'in ilektiret suke so, wutarsa ma daga rediyon take zuwa, su kuma Yaesu da Kenwood na tebur galibi nau'in dainamik suke so, wanda ba ya buƙatar wuta. Soketin nan mai fil 8 kamanninsa ɗaya a ido amma haɗin wayoyin kowane kamfani daban, don haka duba littafin rediyonka kafin ka biya. Shi ya sa irin su Heil, kamfanin hedifon da makirfo, suke sayar da wayar haɗi daban daban, kowa da tasa. Ka kuma tanadi abin takawa na PTT (maɓallin da ake dannawa a yi magana) ko ka saita VOX (rediyon ya fara aikawa da kansa da ya ji muryarka), tunda hannu zai koma rubuta waɗanda ka zanta da su.

Bulutut dai ni ban ba da shawara ba, yana jinkirta sauti, in kana buga Mos sai ya rikita maka hannu.

Sai ka sa hedifon ɗin a ka ka daɗe da shi don gwaji, musamman in kana sa tabarau, wanda ya matse kunne ba za ka iya gasar rediyo ta dare da shi ba. In kuma kana jin muryarka tana kwarmazazo lokacin da kake aikawa, RF ne, wato siginar da rediyon ke aikawa, ya shiga wayar, maƙala mata ferait (zoben da ke tare irin wannan sigina) kusa da soket, ka nannaɗe ta a ciki sau uku ko huɗu.